Manhajar Anki: Sharhi Daga Wani Malamin Sakandare a Kaduna

Anki manhaja ce ta bitar karatu wadda Damien Elmes ya fitar a shekarar 2006, kuma a ganina tana cikin abubuwa mafi amfani da ɗalibi zai sauke a wayarsa. Ina koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Tudun Wada, kuma na daɗe ina aiki da ita tare da 'yan ajin ƙarshe masu shirin WAEC da JAMB.

Tsarinta ba shi da wani ado. Ɗalibi zai rubuta tambaya a fuskar kati, ya rubuta amsa a bayansa. Idan lokacin bita ya yi, manhajar za ta nuna masa tambayar kawai, sai ya yi ƙoƙarin tuno amsar da ka, sannan ya buɗe ya danna ɗaya daga cikin maɓallai huɗu domin ya nuna ko ya manta, ko ya tuno da ƙyar, ko daidai, ko cikin sauƙi. Katin da ya manta zai dawo masa bayan 'yan mintuna, wanda ya zauna masa kuwa sai bayan kwanaki, daga nan makonni, har ya kai watanni. Wanda ya taɓa yin hadda a Islamiyya ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin malam ba ya ƙara wa ɗalibi sabon karatu har sai ya kawo na baya, kuma ba ya barinsa ya leƙa littafi yana biyawa.

Masana sun daɗe da auna wannan al'amari. Tun a 1885 Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, sannan ta lafa. A 2006 kuma Roediger da Karpicke a Amurka suka gano cewa ɗaliban da aka sa su tuno abin da suka karanta sun fi riƙe shi bayan mako guda, a kan waɗanda suka yi ta maimaita karantawa. Yawancin yaranmu ga maimaita karantawar suka karkata, saboda tana sa mutum ya ji kamar ya iya, alhali idonsa ne kawai ya saba da shafin.

Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin lissafin lokacin bita mai suna FSRS da aka saka a ciki a 2023. Tun asali manhajar na bin ƙa'idar SM-2 da Piotr Wozniak ya tsara tun shekarun 1980, wadda kusan lissafi ɗaya take yi wa kowa. Sabon tsarin kuwa yana nazarin tarihin bitar mutum, ya koyi yadda ƙwaƙwalwarsa ke mantuwa, sannan ya dawo da kati a lokacin da yiwuwar tuno shi ta sauko zuwa kusan kashi 90 cikin 100. Wannan amfani da ƙirƙirarriyar basira ya kwanta mini, domin na'ura ce ke lissafin lokaci, aikin tunani kuma yana nan a kan ɗalibi.

Sai dai kati ba ya haifar da fahimta. Wata ɗalibata ta sa manhajar hira mai ƙirƙirarriyar basira ta tsara mata katuna masu yawa a kan zuciya, kuma takan lissafo ɗakunanta huɗu da jijiyoyinta ba gargada. Da na tambaye ta dalilin da ya sa bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri, sai ta yi shiru tana murza gefen hijabinta. Muka zana hanyar jini a allo, ta ga cewa ɓangaren dama huhu kawai yake tura wa jini, na hagu kuwa jiki gaba ɗaya, sannan ta rubuta katin da hannunta. Tun daga nan na sa wa 'yan ajina sharaɗi cewa kada kowa ya yi kati a kan abin da ba zai iya bayyana wa abokin zamansa da Hausa ba.

Anki kyauta ce a kwamfuta da kuma wayoyin Android, inda ake kiranta AnkiDroid, masu iPhone ne kaɗai ke saye. Tana aiki ba tare da intanet ba, abin da ke da muhimmanci ga ɗalibin da kuɗin data ke masa wuya, kuma ana iya yin bitar a cikin keke daga Kawo zuwa Kasuwar Barci. Tana zuwa da tsarin sababbin katuna 20 a rana, amma ina ba mai farawa shawarar ya rage zuwa 10, saboda duk katin da aka ƙara yau bashi ne da zai dawo gobe, kuma wanda ya yi fashin mako guda zai tarar da tuli yana jiransa.