Gargaɗi: mai "koyar da feshin kayan ɗaki" ya cinye mini ₦385,000

Kwana 9 ke nan ina rubuta wannan abu ina sharewa, don kunya. Yau dai na ce bari in sake shi, mai dariya ya yi dariyarsa. ₦385,000 wani mutum ya cinye mini da sunan zai koya mini feshin kayan ɗaki, ya kuma sayar mini da kayan aiki. ₦385,000. Har yanzu da nake wannan rubutu shafinsa yana nan a Facebook, suna kawai ya canja, bidiyon dai su ne.

Bari in riga ku faɗa, don na san abin da za a fara ce mini. Ni ba yaro ba ne, kuma ba son banza ne ya kai ni ba. Ba a ce in kawo 10 in karɓi 100 ba. Sana'a na je nema. Ni mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Ringim, noma nake yi, amma rani 2 ke nan ina zuwa shagon wani kafinta a cikin gari ina koyon aiki. Na iya benci, na iya ƙofa da taga, gado ma ina haɗawa ba ya girgiɗi. Wuri ɗaya muke faɗuwa, wajen gamawa. Mu a nan buroshi ne da banish, a shafa a shanya. Sai ka kwana 5 kana haɗa gado da jan katako mai nauyi, uwar amarya ta zo ta shafa, ta yatsina fuska, ta wuce Kano ta sayo na allon MDF, wato allon garin katako da aka matse, wanda in ɗaki ya yi yoyo sau ɗaya zai kumbura kamar burodi. Ƙyalli ta bi. Nasu yana ɗaukar ido, namu kamar an shafa man gyaɗa. Wannan ne ciwon da ke cina, kuma ta nan ya shigo mini.

Da damina ne na fara ganin bidiyonsa, wajen watan Agusta. Hannu kawai ake gani riƙe da bindigar feshi, ga wadirof yana sheƙi kamar madubi, murya tana bayani da Hausa tsantsa. Ya ce yana da zaure a WhatsApp, rajista ₦20,000. Na je wajen mai POS a kasuwar Gujungu ranar Lahadi, cikin hayaniya yaron ya tura 25,000 maimakon 20,000. Ban ma lura ba, sai da na koma gida na duba takardar. Kafin in kira shi, shi ya kira ni. Ya ce, "Ƙanena, kuɗinka sun yi yawa, akwai 5,000 a kai. Turo lambar asusu in mayar maka, ba na cin haƙƙin mutum."

Kuma ya mayar. Wallahi ya mayar, cikin minti 10.

Ku gaya mini, wane ne a cikinku ba zai yarda da wannan mutumin ba? Ni fa ban tambaya ba. Shi ya kira. Tun daga ranar da abin ya fashe, ba daren da ba na jin wannan muryar: ba na cin haƙƙin mutum. Ya sayi yardata da 5,000, kuma 5,000 ɗin ma tawa ce.

Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin nan ya san aiki. Da jahili ne da na gane shi tun a sati na farko, don ni ma ba baƙon katako ba ne. Na tura masa hoton wani teburi da na shafa wa banish, ya fito duk zane-zane. Daga hoto kawai ya ce na goge shi a gicciye ne, sanfefa ana bin tsawon katako da ita, in ka ratsa sai banish ya fito da kowane karce. Ya ce kada in yi tsalle a lambar sanfefa: in fara da 80, in koma 120, sannan 180, in ƙare da 220. In cike ramin ƙusa da garin katakon da na goge, a kwaɓa da gam, don launi ya zo ɗaya. In share ƙura tas kafin in shafa komai. A fara da sila don ta toshe ƙofofin katako, in ta bushe a bi ta da 320 a hankali, sannan banish, kuma shafi 3 marasa kauri sun fi shafi ɗaya mai kauri, wanda zai zubo yana hawaye. Na gwada. Maigidana a shago ya ɗaga teburin ya kai shi hasken rana yana juyawa, ya ce, "Kai, wa ya koya maka wannan?" Duk gaskiya ce. Ko gobe wanda ya bi wannan zai ga aiki. To a ina zan ga ƙarya?

Sai maganar kwamfuresa, wato injin da ke ba bindigar feshi iska. A'a, kafin nan ma akwai wata. Ya taɓa hana wani a zauren sayen katako ɗanye, ya ce in hunturu ya shigo zai tsage ya murɗe, a jingine shi a inuwa ya sha iska tukuna. Mutumin ya dawo yana ta godiya. Yanzu nake tunanin anya masu godiyar nan ba shi ne da wasu layukan ba, don mu 60 da wani abu ne a ciki, amma mutum 5 ko 6 ne kullum ke turo "Alhamdu lillahi kayana sun iso, Oga Allah ya ƙara buɗi."

To, kwamfuresa. Bayan sallar isha'i ya kira ni, ina zaune a kan tabarma a ƙofar gida. Na ce, Oga, babba nake so, mai lita 100, in yi sau ɗaya in huta. Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, garinku akwai wuta?" Na ce sai janareta. Ya tambayi girmansa, na faɗa. Ya ce ba zai tayar da babba ba, in ɗauki mai lita 25, ya ishe ni gado da wadirof, in riƙe sauran kuɗin in sayi katako. Ɗan kasuwa ne yake hana ni kashe kuɗi a shagonsa. Na kashe waya na ce wa maman yara, yau na haɗu da mutumin kirki. Ni da bakina na faɗa. Ta ce Allah ya sa. Ban kula da yadda ta faɗe shi ba sai yanzu.

Kwamfuresa da bindigar feshi da injin sanfefa, ₦250,000. Wannan kuɗin riɗina ne na bana, har da ragon da na yi wata 7 ina kiwo. Sila da banish na feshi da tina, wato ruwan da ake sirka su da shi, ₦80,000, wannan adashin maman yara ne, kwasarta ce ta ba ni da hannunta. Kuɗin mota da lodi ₦35,000. Ga rajista 20,000. Ku haɗa da kanku, 385,000. Ina da takardar kowanne, ina da muryoyinsa, zan ɗora su duka ku ji.

Na ce 250,000 na fara turawa? A'a, 80,000 ce ta fara tafiya, don ya ce kayan shafi za su tashi, dala ta motsa. 250,000 ta biyo baya da sati 2, bayan na sayar da riɗi. Kuma a nan ne ya yi mini wayon da ya gama da ni, don kaya sun zo. Kwali ɗaya ya iso tasha, galan 3 da bindigar feshi. Kwamfuresa kuwa wai motar farko ta cika, yana cikin ta gobe. Da ba a kawo komai ba da tun ranar na tayar da hankali. Amma ga kwali a hannuna, ga sunana a jiki. Sai na tura 35,000 ɗin ma, wani da ya ce shi ne direba ya kira ni yana faɗa, wai ina ɓata masa lokaci.

Gobe ta zama jibi. Mota ta lalace a hanya. An yi wa direba rasuwa. Yaron shago ya saka wa wani nawa bisa kuskure, za a dawo da shi daga Haɗeja. Ni kuma ga biki ya matso, don na riga na karɓi aikin gado da madubin 'yar kawuna. Ni na je na same shi na ce, "Kawu, kada a kai kuɗin nan Kano, a ba ni, za a ga abin da ba a taɓa gani ba a garin nan." Ya dube ni ya ce, "Ka tabbata?" Na ce na tabbata. Ya sayi katako da kuɗinsa.

Da na ga kwana 8 ya rage, na roƙi mai facin bakin titi ya ara mini injinsa da yamma. Na bi duk abin da aka koya mini, 80, 120, 180, 220, na share, na fesa. Banish na feshi na gaskiya cikin minti 20 zuwa 30 ya sha iska, ka taɓa ba ya kama hannu. Nawa aka kwana, aka wuni, aka sake kwana, yana nan danƙo kamar an zuba ruwan rake. Ga hunturu ya sauko. Duk ƙurar garin nan ta zo ta manne a gadon amarya, har da tsiyayi da gashin kaza. Mata suna leƙowa ta katanga. Ƙanwar amarya ta dafa, tafin hannunta ya fito raɗau a allon kai.

Na kira shi, ya ce laifin injin mai faci ne, iskarsa akwai ruwa da mai. Wannan ma yana faruwa, shi ya sa na kusa yarda. Sai na ɗauki guntun katako na shafa da buroshi, ba inji ba iska. Shi ma bai bushe ba. Na tura masa bidiyo. Ya buɗe, bai amsa ba. Da asuba na duba, an cire ni daga zauren, layinsa a kashe, na direba a kashe.

Na hau mota na tafi Kano da galan ɗaya na tina a buhu. Adireshin da ya ba ni wajen 'Yan Katako ne a Na'ibawa. Shagon da ke cikin bidiyon yana nan, na gane ƙofar, na gane wadirof ɗin ma. Mai shagon wani dattijo ne, bai taɓa jin sunan mutumin ba, yaransa ne ke ɗora bidiyon aikinsu, wani ya kwashe ya ɗora muryarsa a kai. Ya ce ni ne na 4 da ya zo da wannan magana. Ya buɗe galan ɗin, ko kusa da hanci bai kai ba ya ce, "Ɗana, kananzir ne wannan." Ya ɗiga a farar takarda, ya ɗiga nasa a gefe. Nasa ya tashi nan take, takarda ta koma fara. Nawa ya bar tabon maiƙo. Ya ce tina ta gaskiya in ta taɓa hannu sanyi za ka ji, ta bushe kafin ka goge. Gwajin minti ɗaya. Wata 4 mutumin nan yana koya mini lambar sanfefa, wannan ɗaya ce bai taɓa koya mini ba.

Na shiga Ƙofar Ruwa na sayi sila da banish da tina da bashin da na ci, na dawo na kwana 3 ina kankare gadon da reza da sanfefa har yatsuna suka fashe. An kai amarya da gadonta, da buroshi na gama shi, yadda na saba. Kawu bai ce mini komai ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. A majalisa kuwa wani har da cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wane wari? Na tambayi adireshi, an ba ni. Na gwada iliminsa, ya ci. Na ga ya mayar da kuɗi da idona. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban taka na je ba, don ina ƙyashin kuɗin mota da wuni guda a lokacin girbi. Kuɗin motar da bai kai 10,000 ba zuwa da dawowa, na ƙi kashewa, na ba da 385,000.

Na kai ƙara, an rubuta, an ce in jira. Sunan da ke kan asusun da na tura wa kuɗi ma ba nasa ba ne, na mace ne, ya ce mini wai na matarsa ne. Shi ma na gani a lokacin, na wuce.

Kada ku sayi inji sai an tayar da shi a gabanku. Ku ɗiga tina a takarda kafin ku biya. Mai son koyon feshi ya je shago ya tsaya a bayan mai yi.

Maman yara ba ta tambaye ni 80,000 ɗinta ba har yau, zubin adashi kuwa ranar Juma'a ne. Hotunan hirarmu da takardun POS da muryar da yake cewa ba ya cin haƙƙin mutum, duk zan ɗora su da daddare in na karɓo wayata daga wajen mai caji. Wanda ya gane muryar ya yi mini magana.