Kududdufin lambu a Ingila: me ya cancanci kuɗinka a watan Maris?

Wanda ya kama gida a Ingila ya tarar da ɗan kududdufi a lambun baya, sai watan Maris zai san ya gaji aiki. Hunturu ya janye, ganyen da ya zuba tun Nuwamba ya ruɓe a ƙasa, ruwa ya fara kore, shaguna kuma sun baje kaya kamar jajiberin Sallah. Kafin ka zaro kati, leƙa ka ga masu gidan: kifi ne ko kwaɗi?

In kwaɗi ne da tsirrai kawai, ba ruwanka da inji. Koma mai doguwar ƙota ta ishe ka kwashe ganye. Kada a ruɗe ka da injin zuƙar laka yanzu, domin a Fabrairu da Maris kwaɗi ke zuba ƙwai, zai haɗiye har da talibambam. Abin da ka kwaso, bar shi a bakin ruwa ya kwana, ƙananan halittun ciki su koma.

Mai kifi shi ne zai taɓa aljihu, kuma a matatar ruwa kuɗin ke tafiya. Akwai wadda ake nutsarwa cikin ruwa, famfon tura ruwa da soso da fitilar UV mai maganin koren ruwa duk a jiki ɗaya. Tana da araha, ba wahalar haɗi, amma ta ƙaramin kududdufi ce, kuma duk wanki sai ka tsoma hannu cikin ruwan da ke sa yatsu su sandare ka ciro ta. Akwai mai akwati, wadda ake ɗorawa sama don ruwa ya gangaro da kansa. Wankinta ba wuya, sai dai muni, ga ta nan tsugune kamar kwandon shara. Ni ta uku na fi so, mai matsi: ana binne ta har wuya, kuma tana iya tura ruwa ya hau tudu. Ta fi tsada, amma kamfanonin Hozelock da Oase duk suna da irin wadda ake wanke sosonta ba tare da an buɗe murfi ba.

Adadin litar da aka rubuta a kwalin matatar, yawanci na ruwan da babu kifi ne. In kana da jajayen kifin ado, raba shi biyu. In koi ne, manyan kifin ado masu ci da kashi kamar awaki, rage fiye da haka. Famfo kuwa ya zama mai juya ruwan gaba ɗaya cikin awa ɗaya zuwa biyu. A nan araha ba ta ado: famfo mai wat 60 da ke aiki dare da rana zai sha yunit sama da 500 a shekara, mai wat 30 rabin haka. Duba wutar kafin farashin.

Fitilar UV koren ruwa kaɗai take magani. Gansakukar nan mai zare-zare ba ta jin ta, sai dai ka naɗe ta da sanda. In kana da fitilar, ƙwanta kawai za ka sake, sau ɗaya a shekara, ko da yana haske, don ƙarfinsa ya riga ya tafi.

Shekarata ta farko na kwashe ruwan kaf, na goge ko'ina fes, na wanke soso a famfon kicin, na cika da sabon ruwa. Cikin mako guda kifi huɗu suka juya ciki sama. Klorin da ke cikin ruwan famfo ya kashe ƙwayoyin da ke cinye dattin kifi. Yanzu kashi ɗaya cikin goma nake canzawa, da maganin klorin, soso kuma a bokitin ruwan kududdufin nake matse shi.

Tsirrai, saya a shago; tun 2014 aka hana sayar da iri biyar a Ingila saboda mamaye koguna, kyautar maƙwabci kuwa ba ta zuwa da suna. Bado na jure sanyi, kainuwa ba ta jurewa, jira Yuni.

Abincin kifi, kada ka yi gaggawa. Sayi ma'aunin zafi tukuna, sai ruwa ya tsaya wajen digiri 10 ka fara ba su mai alkama, kaɗan-kaɗan. Ka haɗa da ragar rufe kududdufin, don zalɓe da asuba yake zuwa.