Kwano, alminiyom ko mai tsakuwa: wane rufi za ka saya kafin ruwan farko?

Da sanyin hunturu ya fara sauƙi a ƙarshen Fabrairu, lokacin duba rufi ya yi. A Kano da Katsina da Maraɗi ruwa ba ya kankama sai wajen Mayu ko Yuni, amma hadarin farko kan zo da iskar da ke yaye rufi. Ga kuma Afrilu, da zafi kan kai digiri 40, kwano ya ɗau zafin da kafinta ba ya iya zama a kansa da tsakar rana.

Kafin ka nufi kasuwar kayan gini ta Ƙofar Ruwa a Kano ko ta Dei-Dei a Abuja, sa a hau rufin a duba. A kwashe ƙura da ganyen da hunturu ya tara a magudanar ruwa, a nemo ƙusoshin da suka ɗago, a ƙwanƙwasa katako a ji ko gara ta cinye cikinsa. In yoyon bai wuce bakin ƙusa biyu ko uku ba, tef ɗin kwalta ya isa, kada kowa ya sa ka kwance rufi. Amma in tsatsa ta ci wurin da falle ya hau kan falle, faci ɓarnar kuɗi ne.

Kwano na gargajiya shi ne mai arha, ana sayar da shi bandir-bandir, falle 20 a kowane. Matsalarsa gajarta: mahaɗa sun yi yawa, kuma ta mahaɗa ruwa ke shiga. Na yanzu ma wani ya yi sirantar da yatsa ke lotsa shi. Ya dace da shago, ɗakin ajiya ko rumfar dabbobi.

Alminiyom dogo, wanda ake yankawa daidai tsawon rufinka, shi nake ba mafi yawan masu gida shawara. Ba ya tsatsa, kuma falle ɗaya ke sauka daga ƙololuwa har baki. A nan ne fa ake cutar mutane. Kaurin da aka fi sayarwa 0.45 ne da 0.55 da 0.7 na milimita, ido kuwa ba ya bambanta su. Mai shago zai ce maka, "Alhaji, wannan 0.55 ne cif," alhali bai kai ba. Ka ce a sa ma'aunin kauri a gefen fallen a gabanka, a kuma rubuta kaurin a rasit. Na 0.45 kan lanƙwashe in aka taka tsakanin katako, don haka gidan da za a riƙa hawa domin tankin ruwa ko faifan sola, gara a ɗauki 0.55. Ka kuma tambaya ko alminiyom ne zalla ko aluzinc, wato ƙarfen da aka lulluɓe da gaurayen alminiyom da zinc. Shi ma yana da ƙarko, sai dai bakin yankansa na iya tsatsa, kuma bai kamata ka biya kuɗin wancan a ba ka wannan ba. Maganaɗisu zai raba gardama: yana kama aluzinc, ba ya kama alminiyom.

Mai tsakuwa, wato fallen ƙarfe da aka lulluɓe da ƙananan tsakuwa, wanda mutane ke kira Gerard ko da wani kamfani ne ya yi shi, ya fi su kyan gani, kuma ba a jin ƙarar ruwan sama sosai a kansa. Tsada ce da shi, yana cin katako da yawa, jabunsa kuma tsakuwar kan zube. Ka goga tafin hannu a kai, in ta biyo hannunka, ka bar shi.

Masu soron ƙasa nasu lissafin daban ne: sabon yaɓe da makuba, gyaran indararo, da duba azara. Ɗora kwano a kan soro na rage wahalar yaɓen kowace shekara, muddin an ɗaure katakon da ginin sosai.

Duk wanda ka zaɓa, ware kuɗin katako busasshe da maganin gara, ko Solignum ko baƙin mai, da ƙusa mai roba a wuya. Kafinta kuma a yi ciniki da shi tun yanzu, domin da iska ta yaye rufin unguwa guda, sai ka bi layi kuma kuɗin aiki ya tashi.