Abin gwajin ƙanjamau na gida: sau uku na saya, sau ɗaya ya yi mini amfani

Ba zan tsaya ba da labarin yadda abin ya faru ba, tsakanina da Ubangijina ne. Abin da ya shafi wannan sharhi shi ne, a wata tafiyar aiki na keɓe da wata mace da ban san ta sosai ba, kuma abin da ya shiga tsakaninmu bai wuce saduwa ta baki ba. Kwana biyu da dawowata gida barci ya ƙaurace mini.

Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba ba zai gane ba. Lokacin hunturu ne, kowa a gidanmu yana mura, amma ni da maƙogwarona ya fara kaikayi sai na ce shi ke nan, ta faru ta ƙare. Kullum da asuba ina gaban madubi ina duba harshe. Na yi ta lalube a wuya da hammata ina neman kaluluwa, har wurin ya soma ciwo saboda yawan dannawa, ciwon kuma ya zama mini wata sabuwar hujja. Da dare kuwa waya ce a hannu, ina ta karance-karance a intanet, kowane shafi yana ƙara mini zazzaɓi.

A rana ta tara na je wani kemis can nesa da unguwarmu na sayi OraQuick, wato abin gwajin ƙanjamau na gida. Yaron shagon ya ɗaga murya yana tambayar maigidansa inda aka ajiye "abin gwajin HIV ɗin nan", alhali ga mutane tsaye suna jiran magani. Na so ƙasa ta tsage in shige. Wannan laifin mai shago ne, amma duk mai niyyar saya ya san da shi.

Shi kansa kayan ban ga abin kushewa a yadda aka tsara shi ba. Babu allura, babu jini. Wani ɗan faifai ne mai kama da cokali, za ka shafa shi sau ɗaya a dasashin sama, sau ɗaya a na ƙasa, ka tsoma shi cikin ɗan bututu mai ruwan magani, ka jira minti 20. Kada a karanta kafin nan, kada kuma a wuce minti 40. Layi ɗaya a wajen harafin C yana nufin ba a ga alama ba. Layi biyu, a C da T, yana nufin sai ka je asibiti a tabbatar da jini, don ba hukunci ba ne tukuna. Takardar ciki ta ce kada a ci ko a sha komai minti 15 kafin gwaji. Hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da irinsa tun 2012, ita kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar gwajin kai a 2016. Ba kayan bakin titi ba ne.

Layi ɗaya ya fito. Na yi hamdala, na ci tuwo har da ƙari. Kwanciyar hankalin ba ta kai gobe ba, domin da na sake karanta takardar a tsanake sai na ga na yi aikin banza. Wannan gwaji ba ƙwayar cutar yake nema ba, sinadaran da garkuwar jiki ke ƙerawa don yaƙar ta yake nema, su kuma kan ɗauki makonni, wani lokaci har wata uku, kafin su bayyana. Gwajin rana ta tara bai gaya mini komai ba game da daren da nake tsoro. Duk da haka a mako na uku na sake saye. Asarar kuɗi kawai, kamar mai leƙa tukunya tun ba a hura wuta ba.

Abin da ya fitar da ni daga ramin wata ma'aikaciyar jinya ce a sashen gwaji na wani asibitin gwamnati, dattijuwa mai gilashi. Da ƙyar na iya furta abin da ya kawo ni. Ko gezau ba ta yi ba.

"Ɗana, tsaya. Iyakar abin da ya faru ke nan?"

Na ce, "Wallahi Sista, iyakarsa ke nan."

Ta bayyana mini cewa yawu ba ya yaɗa HIV, kuma haɗarin ɗauka ta saduwar baki ƙanƙane ne ƙwarai, musamman ga wanda aka yi wa. Inda ake ɗan lura shi ne ga mai yi, idan akwai gyambo a baki, ko dasashi mai zubar da jini, ko maniyyi ya shiga bakin. Ta ce da abin ya kai na haɗari sosai, akwai maganin kariya da ake fara sha cikin awa 72 a ci gaba har kwana 28, amma irin nawa ba kasafai ake ma ba da shi ba. Sannan ta faɗi abin da ban taɓa kawowa a raina ba: ciwon sanyi da tunjere sun fi ƙanjamau saurin bi ta wannan hanya, ni kuwa ko sau ɗaya ban yi tunaninsu ba. Ta tura ni a duba su. Ta kuma ce gwajin jini na ɗakin bincike, wanda ake ɗiba a jijiya, yakan gano cutar daga kwana 18 zuwa 45, ya fi na yawu sauri. Na yi shi a mako na bakwai, ya fito lafiya. Gwajin HIV ɗin ko kwabo ba su karɓa ba.

To me ya sa na sayi na uku? Zuciya ce. Na ƙirga kwana 90 cif a kalanda, na kulle ɗaki, na shafa dasashi. Wannan karon layi ɗayan yana da ma'ana, kuma shi kaɗai ne cikin ukun da zan ce kuɗina ya yi aiki.

Ra'ayina a taƙaice: ga wanda kunya ta hana zuwa asibiti, ko mai shirin aure da ke so ya san matsayinsa kafin gwajin da ake nema, abu ne mai kyau, in dai wata uku sun cika. A sani kuma na yawu bai kai na jini kaifi ba. A binciken da aka yi a Amurka kafin a amince da shi, cikin masu ɗauke da cutar 12 da suka gwada kansu, yakan kasa gano ta a jikin mutum ɗaya. Ga mai irin fargabata kuwa, wanda ke tashi tsakar dare yana taɓa wuya, kwali ba ya amsa tambaya. Ya fara zuwa wurin mai gilashin nan tukuna.

Kaikayin maƙogwaron ma, ban san ranar da ya tafi ba. Sai da ƙanwata ta tambaye ni ko na warke daga murar na tuna da shi.