Kyarkecin da aka ba amanar tsaro: sharhina kan littafin zane na Fables

Ƙanena da ke karatu a Zariya ne ya aiko mini da littattafan nan biyu ta hannun direba, na je tashar Daura na karɓa a cikin baƙar leda. Gwanjo ne, bangon na farkon har ya fara ɓallewa, sai da na liƙe shi da gam. Da na buɗe na ga zane-zane na ɗauka na yara ne. Ashe na manya ne, kuma dare uku na yi ina karanta su da fitila mai caji bayan kowa ya kwanta.

Sunan jerin Fables. Ba'amurke Bill Willingham ne ya rubuta, kamfanin DC ya fara fitar da shi a 2002 ƙarƙashin sashensa na Vertigo, aka yi fitowa 150 kafin a rufe zangon farko a 2015. Abin da ke hannuna fitowa goma ne na farko, an haɗa su biyar-biyar. Lan Medina ya zana littafi na ɗaya, Mark Buckingham na biyu.

Ga yadda labarin yake. Wani azzalumi da ba a bayyana ko wane ne ba ya ci ƙasashen tatsuniya da yaƙi, mutanen cikinsu suka tsere suka ɓuya a wata unguwa a birnin New York, suna zaune kamar kowa. Snow White, yarinyar da ta ci tuffa mai guba, ita ce mataimakiyar magajin gari, kuma a zahiri ita ke juya komai daga bayan teburi. Yariman da tatsuniyoyi ke ƙarewa da aurensa ya yi aure uku duk sun ƙare da rabuwa, ya koma ci-ma-zaune, yana rayuwa da kuɗin matan da ya yaudara. Waɗanda ba za su iya shiga cikin mutane ba, aladu da beyaye da makamantansu, an kai su wata gona nesa da gari. Boren da suka tayar a can shi ne labarin littafi na biyu.

Amma wanda ya riƙe ni shi ne Bigby, mugun kyarkecin nan na tatsuniyoyin Turawa da ya haɗiye tsohuwa, ya far wa gidajen wasu aladu uku don ya rushe su da hucinsa. Shi aka ba amanar tsaron unguwar. Dalili kuwa, da suka yi hijira sun ƙulla yarjejeniya cewa duk wanda ya sa hannu an yafe masa abin da ya aikata a da, kuma ba a sake tayar da maganar. Sai ga shi cikin siffar mutum, da gemun kwana uku da yamutsattsiyar riga, taba ba ta barin bakinsa, domin hancinsa na kyarkeci ne, in bai dushe shi da hayaƙi ba warin birni ba zai bar shi ya zauna ba. Akwai shafin da ya dawo ɗakinsa ya tarar da ɗaya daga aladun nan uku ya gudo daga gona yana sharar barci a kan kujerarsa. Na daɗe ina kallon zanen nan. Wanda ka taɓa rusa wa gida, yau shi ne baƙonka. Duk da haka an hana Bigby taka ƙafa a gonar, don dabbobin ba su manta ba. Takarda ta yafe masa, zukatansu ba su yafe ba. Mu mutanen jihar Katsina maganar sulhu da yafiya ba baƙuwarmu ba ce, haka ma ganin wanda ya baro garinsu da 'yar ƙullin kaya a ka. Shi ya sa wurin da suke taron shekara na tunawa da ƙasashen da suka rasa ya sosa mini rai fiye da yadda na zata.

Sai dai akwai abin lura. Turancin na kan titin Amurka ne, rubutun cikin 'yan da'irorin ƙanana, sai da na riƙa duba ƙamus a waya. Wanda bai san tatsuniyoyin Turawa ba rabin daɗin zai wuce shi; ni kaina sai da na nemi labarin Bluebeard, attajirin da ke kashe matansa, kafin na gane me ya sa ake zarginsa da ɓatan ƙanwar Snow White. Babban gargaɗina kuma ga iyaye: akwai jini, akwai giya, akwai shafukan da ba su dace da tarbiyyarmu ba. Kada zane ya ruɗe ku ku miƙa wa yaro.

'Yar yayata mai shekara goma ta hango bangon, na zaɓi shafuka biyu masu tsabta na nuna mata, na ba ta labarin a taƙaice. Ta ce, "Kawu, to ina Gizo? Shi bai gudo ba?" Na rasa amsa. Na tuna Iya, Allah ya jiƙanta, tana cewa "ga ta nan ga ta nanku" a tsakar gida, tana kwaikwayon tsamin bakin Gizo har mu faɗi don dariya. Tarihin Bayajidda da rijiyar Kusugu ba zan so a yi wasa da su ba, wannan asalinmu ne. Amma Gizo? Shi ai an yi shi ne don wannan zamani. Ina ganinsa ƙiri-ƙiri da waya a kunne yana lallaɓar Kura ta turo masa lambobin sirrin katinta na banki, Ƙoƙi na sayar da atamfa ta WhatsApp tana biyan bashin da ya ciwo, Dila malamin daji ya zama lauya. Muna da matasa masu hannun zane a Daura da Katsina, ina roƙonsu su duba wannan hanya.

Na kira ƙanena na ce ya nemo mini littafi na uku ko da sabo ne, zan biya. Biyun nan suna cikin durowa a kulle. Ita kuma yarinyar na saya mata littafin zane da fensir mai launi, jiya ta kawo mini Gizo zaune a cikin Keke Napep, ƙafafu biyu a kan sitiyari, shida suna karɓar kuɗin fasinja.