SMB ko NFS: amsa ga mai shagon bidiyo na Samaru

Assalamu alaikum jama'a. Ɗan'uwanmu mai shagon haɗa bidiyon biki a Samaru ya yi tambaya jiya da daddare, ya ce yana da kwamfuta ɗaya mai Ubuntu, wato wani nau'in Linux, da ya mayar ma'ajiya, sai guda uku masu Windows da yaransa ke aiki a kai, amma in za su jawo bidiyo gudun ba ya wuce 11 MB a daƙiƙa, wani kuma ya ba shi shawara ya bar Samba, manhajar da ke raba musu fayil ta hanyar SMB, ya koma NFS, wata hanyar raba fayil tsakanin kwamfutoci, wai ya fi sauri. Shi ne yake son a faɗa masa wanne ya fi.

Malam, kafin mu kai ga su biyun, wannan 11 ɗin da ka ambata ita ce ta tsaya min a rai. Layin waya da bit ake auna shi, fayil kuma da bait, bit takwas ne bait ɗaya, to layi mai megabit 100 in ka raba takwas 12.5 ne, ka cire ɗan abin da sarrafa saƙo ke ci, sai ya rage 11 da 'yan kai. Ka ga ke nan layinka ne ya zauna a 100, ko yau ka koma NFS wallahi 11 ɗin nan za ka sake gani. Layin gigabit kuwa wajen 110 yake bayarwa, bidiyon 50 GB da ke cin maka awa ɗaya da kwata bai kai minti takwas ba zai sauka.

Abu biyu ne suka fi jawo haka. Ko suwic ɗin ko rautar da ka jona kwamfutocin ramukansu na 100 ne, ko kuma kebul. Gigabit sai da duka wayoyi takwas ɗin da ke cikin kebul, shi kuwa 100 huɗu sun ishe shi, saboda haka in wanda ya matse kan kebul ɗin ya bar ɗaya daga cikin sauran huɗun ba ta kama ba, ba za ka ga ya katse ba, shiru kawai zai faɗo 100 ya ci gaba da aiki, watanni kana fama ba ka san dalili ba. Na taɓa ganin haka a wani shago a Sabon Gari, sake matse kai ɗaya kawai muka yi. Kebul nau'in Cat5e ya isa har tsawon mita 100, amma ka nemi na tagulla zalla, akwai wanda alminiyam ne aka shafa wa tagulla, saurin karyewa gare shi. A Ubuntu ka duba gudun ramin kebul da umarnin ethtool, za ka ga Speed ko 100 ko 1000, sannan ka sa iperf3, manhajar auna gudun layi, tsakanin kwamfutoci biyu, lafiyayyen gigabit wajen megabit 940 yake nunawa. In da waifai wani yaron yake jawowa, ka ja masa waya.

To yanzu ga su biyun. SMB yaren gidan Windows ne, Samba kuma ita ce ke sa Linux ya iya yaren, Andrew Tridgell ya fara ta a 1992. NFS na ɓangaren Unix ne, kamfanin Sun Microsystems ya fito da shi a 1984. In manyan fayiloli ne irin bidiyonka, a kan gigabit duk su biyun cika layin suke yi, ba za ka bambance su ba. Inda NFS kan ɗan yi gaba shi ne ƙananan fayiloli masu yawa tsakanin Linux da Linux. Amma kai Windows ne da kai, kuma nan maganar ta juya, domin Windows Home ba shi da NFS sam, Pro yana da shi amma sai ka kunna, kuma a siga ta 3 ya tsaya. Ga batun izini, SMB suna da kalmar sirri yake tambaya, kowane yaro da nasa, NFS kuwa yadda aka saba ɗora shi da adireshin kwamfuta da lambar mai amfani yake yarda, sai ka ga an buɗe folda amma an kasa rubutu a ciki, ka wuni kana neman dalili.

Wajen saiti, SMB abin da ya fi muhimmanci shi ne sigar da kuke magana da ita. SMB1 tsoho ne mai yawan kai-komo, kuma ta nan bairos ɗin nan WannaCry ya shiga kwamfutocin duniya a 2017, kada ka kunna shi ko da wata tsohuwar firinta ta nema. SMB2 ya zo da Windows Vista, SMB3 da Windows 8 a 2012. Ka buɗe PowerShell, wurin rubuta umarni a Windows, a matsayin mai gudanarwa lokacin da foldar ke buɗe ka rubuta Get-SmbConnection, in ka ga sigar 3 ce da wani abu lafiya lau. Sannan don Allah ka duba smb.conf ɗinka, fayil ɗin saitin Samba, in akwai layin socket options mai SO_RCVBUF da SO_SNDBUF da aka kwafo daga tsofaffin bayanai, goge shi. Linux na yanzu da kansa yake daidaita waɗannan, in ka ƙayyade musu lamba ka ɗaure masa hannu ne, sau da yawa gudun raguwa ma yake yi. SMB3 yana da wani abu mai kyau, in kwamfutoci biyun kowace tana da ramin kebul biyu zai iya raba kaya a kansu lokaci guda, Samba daga 4.15 a kunne yake zuwa.

NFS nasa maɓallan su ne rsize da wsize, wato girman abin da ake karantawa ko rubutawa a ɗauka ɗaya, waɗanda yanzu da kansu suke hawa har 1 MB, da nconnect da ya shigo a Linux 5.3 mai buɗe hanyoyi da yawa zuwa ma'ajiya ɗaya. Sai async, wanda shi ne nake jin tsoron a ba ka shawararsa. Eh yana ƙara gudun rubutu sosai, saboda ma'ajiyar za ta ce ta ajiye alhali kayan suna cikin RAM ba su sauka kan faifai ba, to mu da ake ɗauke mana wuta ba sallama, kafin a tada janareta bidiyon ɗaurin auren mutane ya lalace, kuma wataƙila an riga an goge katin kyamara. Biki ba a maimaita shi. In babu UPS a kan ma'ajiyar kada ka taɓa async, kuma ko da Samba ka zauna UPS ɗin nan ka saya.

Akwai masu cewa a ɗaga MTU, wato girman kowane ƙunshin saƙo a layi, daga 1500 zuwa 9000, wannan sai suwic da duk kwamfutocin sun yarda da shi tare, ɗaya ya saɓa sai matsala, ribar kuma a gigabit kaɗan ce, ni dai ban ba ka shawara ba.

Ka duba faifan ma. In a USB 2.0 ka rataya shi ba zai wuce wajen 35 zuwa 40 MB ba ko layin ya gyaru, ka mayar da shi ciki kan SATA. Kuma faifai mai juyawa in yara uku suka taru a kansa lokaci ɗaya jan ƙafa yake yi, aikin da ake kai yanzu a sa shi kan SSD, tsofaffi a bar su a mai juyawa. Hotuna dubbai kuwa ka kwafe su da umarnin robocopy na Windows tare da /MT, yana ɗaukar takwas a tare maimakon ɗaya bayan ɗaya.

Ni a shagonka Samba zan bari. Gobe in Allah ya kai mu ka fara da ethtool, ka turo mana lambar da ka gani da hoton bayan suwic ɗin, daga nan za mu san ko kebul za a sake matsewa ko suwic na gigabit za ka nemo.