Otal-otal ɗin caca na Las Vegas: ana tatsa a ɗaki, ana tatsa a tebur

Tsakanin ɗan caca da otal ɗin caca a birnin Las Vegas na jihar Nevada ta Amurka akwai tsohuwar yarjejeniya wadda ba a rubuce take ba, amma kowa ya san ta. Otal zai ba ka ɗaki da abinci da araha, wurin ajiye mota kyauta, shi kuma ya fanshe a tebur. Yawancin manyan otal-otal da ke jere a titin Strip sun yi watsi da nasu ɓangaren. Ɗaki ya yi tsada, tebur kuma ya ƙara rowa. Wannan sharhi na wanda ya saba zama a tebur da ƙaramin jari ne, dala 15 zuwa 25 a hannu ɗaya, wato zagaye ɗaya na wasan kati, ba na attajirin da ake tura wa mota filin jirgi ba. Hukuncin caca a addini sananne ne, ba shi ake tattaunawa a nan ba, kuma lissafin da ke tafe ba mai sa mutum sha'awarta ba ne.

Farashin ɗaki da ake tallatawa ba shi ne abin da za ka biya ba. Akwai wani kuɗi na dole a kowane dare, a rasit za ka ga an rubuta resort fee, wai na intanet da ɗakin motsa jiki da kiran waya na cikin gari. An fake da guzuma ne kawai. A manyan otal-otal ɗin Strip yana kaiwa dala 45 zuwa 55, kuma shi ma ana ɗora masa harajin ɗaki na kashi 13.38 cikin ɗari. A ɗauka ɗakin dala 59 ne, wannan kuɗi kuma dala 50: da haraji ka tashi a kusan dala 124. Idan ka zo da mota sai ka ƙara kuɗin ajiye ta, abin da ake yi kyauta kafin 2016. Tun watan Mayun 2025 dokar tarayya ta Amurka ta tilasta wa otal-otal nuna jimillar farashi tun farko, amma ba ta soke kuɗin ba.

Ɗakin kansa ba ya cika alkawarin hoto. A mafi yawansu babu butar dafa ruwa, don ana so ka sauko ƙasa ka saya. Ƙaramin firji yana nan, amma cike yake da kayan sayarwa, kuma an ɗora su a kan na'ura mai jin nauyi: ka ɗaga kwalbar ruwa ka duba, idan ka daɗe ba ka mayar ba ta shiga lissafinka. Wasu ma suna cajin wanda ya sa nasa abin sha a ciki. Ana ba da ɗaki ƙarfe 3 ko 4 na yamma, shiga kafin nan da kuɗinsa. A wurin rajista kuma za a riƙe wani adadi a katinka a matsayin jingina. Idan katin cire kuɗi ne kai tsaye daga asusu, sakinsa kan ɗauki kwanaki bayan ka tafi. Ga hayaƙin taba: dokar Nevada ta 2006 da ta hana shan taba a cikin gine-gine ba ta shafi zauren caca ba, kuma hanyar ɗakinka ta cikin zauren take bi. Otal ɗin Park MGM ne ya hana taba gaba ɗaya a 2020.

Duk wannan mai sauƙi ne idan aka kwatanta da tebur.

A bilakjak, wasan katin da ake neman haɗa 21 ba tare da wucewa ba, idan katunanka biyu na farko suka haɗa 21, tsohuwar ƙa'ida ita ce a biya ka 3 a kan 2. Yanzu a ƙananan tebura an mayar da shi 6 a kan 5, kuma mai sabon shiga sai ya ga kamar shida ta fi uku. Ka sa dala 20: a tsohuwar ƙa'ida ribarka dala 30 ce, a sabuwa 24. Irin wannan hannu yana zuwa kusan sau ɗaya cikin 21. A teburin da ake raba hannu 70 a awa, ka ga kusan sau uku ke nan, wato kusan dala 20 na zubewa daga aljihunka kowace awa ba tare da ka yi kuskure ko ɗaya ba. Wannan sauyi kaɗai yana ƙara wa gida, wato gidan cacar, rinjayen kusan kashi 1.4 cikin ɗari; rinjaye shi ne kason da lissafi ke ba gida daga duk kuɗin da aka sa. Wasan da mai bin ƙa'ida daidai ke rasa kusan rabin kashi ɗaya ya koma kusan kashi 2. Teburan 3 a kan 2 suna nan, amma a otal-otal da yawa sai ka iya sa dala 50 ko fiye, ko ka shiga ɗakin manya. Talaka ne ke biyan mafi muni.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke rubuce a kan koren ƙyallen tebur ko a ɗan allon gefe. Idan mai raba kati yana ƙara kati a kan 17 mai laushi, wato wadda katin A ke ciki a matsayin 11, gida ya ƙara kusan kashi 0.2. Sai injin da ke cakuɗa kati ba tsayawa: ana gama hannu a zuba katunan ciki, babu hutun cakuɗawa. Hannuwa sun ƙaru a awa, asara ta ƙaru da su.

Rulet, wasan ƙafa mai juyawa da ƙwallo ke faɗawa ɗaya daga ramukanta masu lamba, ta fi fito da abin fili, domin ramuka kawai za ka ƙirga. Kowace irin ƙafa ce, lamba ɗaya tana biyan 35 a kan 1. Mai sifili ɗaya tana da rami 37, rinjayen gida kashi 2.7. Mai sifili biyu rami 38, kashi 5.26. Daga 2016 aka fara ganin mai koren rami uku a Strip, rami 39, kashi 7.69. Sau da yawa ba a rubuta sifili uku a ramin na ukun, tambarin otal ake sawa, kamar ado. Da dala 10 a kowane juyi, juyi 40 a awa, asarar da lissafi ke nunawa ita ce kusan dala 11, ko 21, ko 31. Ita wannan ta ukun ake ajiyewa a bakin hanya da mafi ƙarancin kuɗin shiga, kuma kullum a cike take.

Injin fokar bidiyo, wato wasan kati na foka da ake yi a allon inji, ma an rage masa. A nau'insa da ake kira Jacks or Better layi biyu na jadawalin biya ake dubawa, na ful-haus (kati uku iri ɗaya da wasu biyu iri ɗaya) da na fulash (kati biyar masu alama ɗaya). Idan na farko na biyan ninki 9, na biyu ninki 6, wato 9 da 6, injin na mayar da kashi 99.54 ga mai wasa daidai. Idan 8 da 5 ne, kashi 97.3. A ƙananan injinan Strip samun 9 da 6 sai an tona. Injinan da ake kira na kwabo kuwa suna kawai ne: juyi ɗaya kan ci senti 50 zuwa sama, kuma su ne suka fi riƙe kuɗi.

Katin ɗan gida, wato katin da gidan caca ke ba ka don ya riƙa lissafin wasanka, wanda ake cewa da shi ake samun kyauta, ga yadda yake aiki. Ana ninka matsakaicin abin da kake sawa da yawan hannu a awa, da awoyin da ka zauna, da rinjayen gida. Wannan ne asarar da suke sa ran ka yi, kuma wani ɓangarenta, da wuya ya wuce kashi ɗaya cikin uku, suke mayar maka. Dala 25, hannu 70, awa 4, ka juya dala 7,000. Idan aka ƙiyasta rinjaye a kashi 1, asarar dala 70 ce, kyautarka kusan dala 20. Ko kuɗin dole na dare ɗaya ba ta biya ba. Ɗakin da aka ce maka kyauta ne, in ba ka kai babban matsayi a katin ba, za ka biya masa wancan kuɗin da harajinsa. Kuma idan mai kula da tebura bai shigar da kai daidai ba, ko ya rubuta dala 15 alhali 25 kake sawa, babu wanda zai faɗa maka. Ka tambaye shi matsakaici da lokacin da ya rubuta kafin ka tashi.

A tsohon gari, wajen titin Fremont, da gidajen cacar da mazauna Las Vegas ke zuwa a unguwanni, an fi samun 3 a kan 2 da ƙaramin kuɗi. Sai dai yawancin ɗakunan Fremont tsofaffi ne, kiɗan titi kuma ba ya bari a yi barci da wuri.

Wajen kuɗi, injin ATM na cikin zaure kan caji kusan dala 10 a cira ɗaya, ban da na bankinka. Injin da ke canza tikitin da injin caca ya buga maka zuwa kuɗi a wurare da yawa ba ya ba da sulalla: tikitin dala 37 da senti 80, zai ba ka 37, ya buga maka wani tikitin na senti 80 ka je ka bi layin mai kuɗi, ko ya nemi ka bayar sadaka. Baƙon da ba mazaunin Amurka ba kuma, idan ya ci babban kuɗi a inji, ana cire harajin kashi 30 cikin ɗari nan take sai in ƙasarsa na da yarjejeniyar haraji da Amurka wadda ta yafe shi, Najeriya kuwa ba ta da ita. Wannan cirewa ba ta shafi bilakjak da rulet da wasan kati na bakara ba.